Mai Ambatona a Kunnen Hagu

Ƙarar ta fara ne a shekarar da na sayar da injin niƙana. Na daɗe ina tsaye a kansa a wata rumfa da ke bakin hanyar garinmu, ina zuba dawa da masara da gero tun hantsi har la'asar sakaliya. Da gwiwoyina suka fara ciwo, gas kuma ya yi tsada, sai na sallama shi ga wani mutumin Tofa, na koma gona gaba ɗaya. Na ɗauka hutu ya zo. Ba a jima ba na fara jin wata siririyar ƙara a kunnena na hagu, kamar kukan gyare, ba ta hutawa.

Da farko gyaren na nema. Na fitar da buhunan gyaɗa daga ɗaki, na ɗaga tabarma, na leƙa bayan randa. Matata tana tsaye tana kallona, ta ce ita dai ba ta jin komai. Ban yarda da ita ba. Na ɗauka ƙyuyar shara ce ta sa ta faɗi haka.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta sa mini abin a rai. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta rasa amsar kowace tambaya. Na je gaishe ta na ba ta labari, sai ta tambaye ni wane kunnen ne. Na ce na hagu. Ta girgiza kai.

"Ana ambatonka," in ji ta. "Da na dama ne da sai in ce maka alheri ne."

Wannan ba sabon zance ba ne a wurinmu. Tun muna yara mun san idan kunnen mutum ya yi ƙara, wani ne ya ambace shi a inda ba ya nan. Sai ya yi salati, ya roƙi Allah ya ambaci mai ambaton nasa da alheri, kafin ya rufe baki ƙarar ta wuce. Ni na yi salatin har leɓɓana suka bushe, tawa ba ta wuce ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wane marar aikin yi ne zai zauna tun asuba har magariba ba shi da zance sai nawa?

Ni mutum ne mai lura, kowa ya san ni da haka. Sai na fara lura. Idan ina gona ni kaɗai, ƙarar takan cika mini kai. Idan na zo majalisarmu a gindin darbejiya, ana ta musu a kan taki da farashin gero, sai ta yi ƙasa har in manta da ita. Ina tashi na kama hanyar gida, sai ta dawo. Lissafin bai yi mini wuya ba. In ina zaune a cikinsu ba su da halin yin gulmata, ina ba da baya sai su ɗora. Daga nan na zama mutumin da ba ya tashi daga majalisa sai kowa ya watse. Wani lokaci fitsari zai matse ni, in daure, don kada in ba su fili.

Amma majalisa taron mutane ce, ni kuwa mutum ɗaya nake nema. Na same shi a inda ban so ba.

Ina da amini. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo, gonakinmu kuma iyakarsu ɗaya, layin gamba ne kawai tsakani. Mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo. Yana da wata tsohuwa da ya ɗaure da roba, yakan rataye ta a reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa, tana ta surutu, in tasha ta ɓace ta yi ta shuuu, shi ko a jikinsa. Na lura duk sanda na tsallaka gambar nan na nufi wurinsa, ƙarar kunnena sai ta kwanta, fiye ma da yadda take kwanciya a majalisa. In na koma gonata, sai ta tashi. Na gwada ba sau ɗaya ba. Har na taɓa bi ta cikin dawa a sunkuye don kada ya gan ni, amma tun kafin in fito fili ta fara raguwa. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya ƙware, har jikinsa yana ba shi cewa na kusa.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da wani ne da na ji haushi kawai, amma shi ne mutumin da ya san abin da ke cikin rumbuna da abin da ke cikin zuciyata. Na riƙa tambayar kaina me yake faɗa, kuma wa yake faɗa wa. Na tuna ya taɓa cewa gambar iyakarmu ta matso gefensa, muka yi dariya. Yanzu sai dariyar ta daina ba ni dariya.

Ban zauna haka ba, na nemi magani. A kasuwar Ɗambatta na sayi wani mai a hannun mai maganin da ke talla da lasifika, ya ce kafin kasuwa ta zagayo zan zo in yi masa godiya. Kasuwa ta zagayo, kunnena ya yi wari, ƙarar tana nan. Na sha rubutu, an yi mini tofi, na ɗiga maganin kemis. Kowane mai magani yana da tabbacin da ya fi na ɗan'uwansa, kuma duk wanda ya cika tabbaci sai in ƙara zarginsa.

Babbar 'yata, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ita ta matsa sai mun je asibiti a Kano. Ranar da za mu tafi ta biya gidan aminin nawa ta gaishe su, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Na gani, na ajiye a raina.

Likitan kunnen ya leƙa da fitila, ya sa mini wani abu a kai yana sako sauti ina ɗaga hannu. Ya tambayi sana'ata. Da na ce injin niƙa, sai ya gyaɗa kai, ya ce rugugin injin ne ya gajiyar da kunnen a hankali, kuma ƙarar daga cikin kunnen take, ba daga waje ba. Na ce to me ya sa ba ta fara ba sai da na rabu da injin? Ya ce wataƙila ta daɗe a wurin, injin ne ke danne ta. Sai na yi masa tambayar da ta kawo ni, na ce za ta tafi ko ba za ta tafi ba.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji shi. "Ta wasu takan ragu, ta wasu takan tafi. Amma wadda ta daɗe kamar taka, da wuya ta tafi gaba ɗaya. Yawanci mutum ne ke sabawa har ya daina kula ta."

Ya ce in guji wurin da ya yi tsit, don a nan take samun ƙarfi. Ya ce in riƙa ajiye wani sauti kusa da ni, ko da rediyo ce a hankali.

Rediyo. Ina jin kalmar na dubi 'yata. Duk kayan duniya likita bai ga abin ambata ba sai rediyo? Kuma da safiyar nan yarinyar ta fito daga gidan mai rediyo? Na tabbata an riga ni zuwa wurin likitan, an shirya masa abin da zai faɗa don a wanke wani.

Da kaka, muna yankan gero, na tsallaka gambar na same shi. Na ce masa na san abin da yake yi. Bai gane ba sai da na warware masa duka, tun daga maganar gwaggo har gwajin da na yi ta cikin dawa. Na zaci zai yi dariya ko ya rantse. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallona, lauje a hannunsa.

"Malam, ni ne kullum nake ambatonka, wannan gaskiya ne," ya ce. "Amma tunda ambaton nawa ne ke damunka, daga yau na daina. Ko a alheri ba zan ƙara kiran sunanka ba. Sai ka saurara ka ji ko za ta tafi."

Ya juya ya ci gaba da yankansa. Na koma gonata ina saurare. Ba ta tafi ba. Na ce a raina, ai dama, wanda ya iya gulma ya iya saɓa alkawari.

Haka muka shiga gaba. Sallama kawai, ita ma don addini ya tilasta. A majalisa in ya zauna gabas sai in zauna yamma. Liman ya yi magana, matata ta yi kuka, 'yata ta ce abin kunya ne dattawa biyu. Ni kuwa ga hujjata tana ƙara a kunnena dare da rana, wa zai ce mini ƙarya nake ji?

Da damina ta dawo sai ya ƙaro wani abu. Ya cire rediyonsa daga gawon tsakiyar gona ya dawo da ita kan wata 'yar bishiya da ke daidai iyaka, ya ƙure murya, bakinta yana kallon gonata. Shi kuma ya koma can ƙarshen gonarsa yana noma, inda da ƙyar zai ji ta. Na ɗauka tsokana ce tsagwaronta. Na so in jefe ta da hauya. Abin da ya hana ni, in faɗi gaskiya, a gefen nan na iyaka aikin ya fi yi mini sauƙi, sai na riƙa fara noma daga can. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, haushi ya ishe ni.

Wata rana da safe na zo gona ban ji rediyo ba. Washegari ma haka. Sai labari ya iso majalisa cewa ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. An kai shi asibiti an dawo da shi.

Na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin na je. Matarsa ta yi mini iso zuwa ɗakinsa na zaure. Kafin in shiga ta ce mini, a hankali, tun ranar yankan geron nan bai ƙara kiran sunana ba. Ko yara suka tambaye shi labarina, sai ya ce maƙwabcin gona. Ta ce 'yata ta zo ta faɗa masa abin da likita ya ce bayan mun dawo daga Kano, ba kafin mu tafi ba.

Yana kwance a kan katifa, ya rame. Ɗakin tsit, rediyon tana kan taga a kashe. Na yi sallama, ya bi ni da ido. Na zauna. A cikin shirun nan ƙarar ta taso mini da ƙarfin da ban taɓa ji ba, ta cika ɗakin. Ga mutumin a gabana, ko sunan Allah ba ya iya furtawa. Duk da haka zuciyata, da yake ta saba, sai da ta raya mini cewa wataƙila a zuci yake yi.

Sai na ga yana motsa hannunsa mai lafiya. Ya ɗaga shi da ƙyar ya nuna taga. Na zaci ruwa yake so. Ya girgiza kai, ya sake nuna rediyon, sannan ya juyo da yatsan ya nuna kunnena na hagu.

Na tashi na kunna ta. Batirin ya yi sanyi, tashar ba ta kama sosai, sai shuuu da wata murya can nesa. Ƙarar ta ja da baya ta kwanta. Na koma na zauna, na kasa haɗa ido da shi. Baƙin cikin da na ji a wurin ya fi na ranar da na binne mahaifina.

Masu tambayata yau ko ƙarar ta tafi, ba ta tafi ba. Tana nan yanzu haka da nake wannan rubutu, sai dai akwai ranakun da nakan wuni ban tuna da ita ba. Kullum bayan la'asar nakan je zauren nan da batir a aljihu, in kunna rediyo, in ba shi labarin gona da na majalisa. In na fito kuma, duk wanda na tsaya da shi sai zancensa ya shigo bakina. Na taɓa tambayarsa ko kunnensa yana ƙara in na tafi, kuma wanne ne, na dama ko na hagu. Ya dube ni, leɓɓansa suka yi motsi, amma babu abin da ya fito.