Kada Wuta Ta Ɗauke wa Uwa

Kwamfuta ɗaya tak Kawuna ya tsira da ita daga unguwar Miskine lokacin rikicin Bangui, a ka ya ɗauko ta har Kasuwar Kilomita Biyar. Da ita yake ganin 'yarsa da ta gudu Kamaru, ga shi ta haihu, suna kuma jibi. Sai 'yar banzar kwamfutar ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar magana.

Ni ne mai gyara a layinmu, na buɗe ta na duba. Na ce, "Kawu, uwar ce." Haka muke kiran babban allon ciki, kat-mer da Faransanci. "Akwai ɗan shirin da ke tashe ta, biyos, shi za a sabunta. Amma in wuta ta ɗauke ana cikin yi, sai jana'iza, kuma hanya a rufe take, babu wata uwar a Bangui."

"To, a bi ta yeke yeke," in ji shi da Sango, wato a hankali.

Na karanta lambar da ke jikin uwar sau uku, na sauko da nata daidai, na zuba a kile, wato filash. Wutar gwamnati kuwa ko mahaukaci ba ya yarda da ita, sai na ja waya daga janaretan tela maƙwabcina. Komai na lissafa, wallahi, ban da agogo.

Layin da ke cika a fuskar kwamfutar ya kai rabi ke nan, ladanin unguwar Koudoukou ya ce Allahu Akbar. Telan nan tunda na san shi, kabbarar farko yake kashe inji.

"Kawu, tela!"

Tsohon da kullum yake kukan gwiwa, ban ga fitarsa ba. Na leƙa na tarar ya rungume janareta, hayaƙi na dukan gemunsa, tela na tsaye da buta.

"Haba Alhaji, salla fa!"

"Malam, ko liman yana jiran mai alwala. Uwa ce a kan gwiwa, ka bari ta sauka lafiya!"

Tela ya zaro ido. "Subhanallahi, wa ke naƙuda?" Ya shiga jero addu'a, 'yan layi suka taru suna amin, ni kuma dariya da tsoro sun hana ni bayani. Layin kwamfutar ya cika, fuska ta yi baƙi, sannan ta yi ƙara ɗaya ta farka. Muka samu raka'a biyu a jam'i, tela na harararmu har sallama.

Ran suna kwamfuta ba ta ko yi tari ba. Aka ɗago jaririyar, Kawu ya tambayi sunanta, 'yarsa ta faɗi na mahaifiyarta, wadda muka binne a farkon rikicin. Ya daɗe yana shafa gilashin da babban yatsa.

"Ɗan nan," ya ce da ni, "je ka ce wa tela uwa ta tashi."