Filaskon Manaja

Har yau ban manta ranar da aka ba ni takardar tuhuma saboda filasko ba. Lokacin ina mai kula da lambu a wani masaukin baƙi na gwamnati a Gashuwa. Ga waɗanda ba su san dokar aikinmu ba, tuhuma uku kora ce, ni kuwa na riga na ci biyu.

Manajanmu, Alhaji Lawan, ya sa an kawo furanni daga Jos, masu shan ruwa safe da yamma kamar masu jego. Famfo ya lalace cikin Maris, kafin sati biyu duk suka ƙone. Abin da ya rage da rai kawai shi ne filaskon da na shuka bakin katanga da irin da na tsinto a hanyar Dagona. Ko guga ɗaya bai taɓa sha ba, amma ya yi fure rawaya gwanin sha'awa.

Manaja ya kira ni ofis.

"Malam Bukar, gidan gwamnati ka mayar wajen haɗa maganin wankin ciki?"

"Ranka ya daɗe, shi kaɗai ya yarda ya zauna da mu."

"Ka tuge shi kafin Juma'a, ko wannan tuhumar ta zama ta ukun!"

Ya miƙo mini takardar, ya ce tana nan cikin fayil har sai ya ga wurin fes. Gaskiya na tsorata, ina da iyali.

Ranar Laraba sai ga darakta daga Damaturu ya zo duba aiki. Ya wuce gawar furannin Jos, ya tsaya gaban filasko.

"Madalla! Wannan dabarar waye?"

Ina tsaye da fartanyar da zan tuge shi, manaja ya gyara hula.

"Yallaɓai, na daɗe ina nazarin tsirran da ke jure fari."

Aka ƙara masa girma. Ni kuma aka tura ni Nguru in shuka "furen manaja" a masaukin can. Ba a kore ni ba, amma ba wanda ya tuna ya janye tuhumar, ta ja mini shekara uku ba ƙarin mataki.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani a lambu ƙasa ce ke zaɓen abin da zai rayu, a ofis kuwa babba ne ke zaɓen wanda ya shuka. Ranar da na yi ritaya na ga fayil ɗina. Takardar da ta ce in tuge filasko da wadda ta ce in je in shuka shi, allura ɗaya ta maƙale su.