Waken Kawu da Ya Ƙi Tashi

Kawu wan mahaifiyarmu ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin lambu a wani asibiti, shi ke dasa furanni a bakin ɗakunan jinya, shi ke aske shinge. Da ya ajiye aiki sai ya tattara ya koma kan ɗan filin da ke bayan gidansa, tsakanin katanga da magudanar ruwa. Kunya goma sha biyu ce kacal, kuma wake kaɗai yake shukawa.

Mutum ne da ba ya ƙaunar ciyawa. Fartanyarsa 'yar ƙarama ce, kullum a wase take, ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo. Yakan bi da ita dab da gindin shuka ya ɗauke ciyawa bai taɓa tsiron ba. Da wannan yake alfahari.

Bana sai waken ya ƙi tashi. Ya tsiro lafiya lau, ya fid da ganye huɗu, Kawu ya yi masa noman farko. Bayan kwana uku ganyen ya soma yaushi da rana ta ɗaga, ko an ba shi ruwa. Daga nan na ƙasa suka yi rawaya. Mako biyu suka wuce, shukar tana nan a tsumbure, ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Tela maƙwabcinsa, wanda tagar shagonsa ke kallon filin, ya samu abin tsokana.

"Tsoho, wannan wake ne ko ka shuka 'yan kallo?"

"Kai da ko wando ba ka iya daidaita ƙafafunsa," in ji Kawu. "Irin ne ba shi da kyau."

Da aka tuna masa cewa irin nasa ne na bara, sai ya ce gara ce. Aka tona, babu gara. Ya ce to ruwan wankin da ke bin magudana ne.

Akwai abin da kowa a gidan ya lura da shi, ba mai iya faɗa. Kawu ya daina gane mutum sai ya yi magana. Yana zuba shayi a gefen kofi. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya, ta daɗe tana roƙonsa ya je a duba masa ido, ya kuma koma wurinta da zama. Ita a saman bene take, ko taku ɗaya na ƙasar shuka babu. Kawu ya san in ya amsa cewa idon ya yi rauni, rabuwarsa da filin ke nan. Don haka kullum amsarsa ɗaya ce: idonsa garau.

Wata safiya Yaya ta zo, ina wurin. Ba ta yi maganar ido ba. Ta durƙusa a kunya ta uku, ta sa hannu biyu ta ciro tsiro guda da ƙasarsa, ta wanke a bokiti.

"Baba, ni ban san aikin nan ba. Duba mini wannan."

Kawu ya karɓa. Bai kai shi kusa da fuska ba, da yatsu ya bi shi. Ya shafa kara, ya gangara zuwa saiwa. Babbar saiwar da ya kamata ta nutse ƙasa ta yi guntu, ƙananan na gefe ɗaya duk babu su. Ya daɗe yana murza bakin wurin da babban yatsansa.

"Ƙwaro ba ya yanka haka," ya ce a hankali. "Ƙwaro gatsa yake yi, ya bar kaushi. Wannan sumul yake."

Ya juya tsiron a hannunsa, ya ci gaba.

"Saiwar wake ba ta jure rauni. Da ita yake shan ruwa, a jikinta yake tara 'yan ƙwayoyin nan da ke ciyar da shi. In ka datse ta yana ƙarami, ko bai mutu ba ya daina gaba, duk ƙarfinsa ya tafi wajen gyara ƙasa." Ya miƙa wa Yaya hannu. "Ciro mini wani."

Ta ciro biyar daga wurare dabam-dabam. Huɗu duk yankan iri ɗaya ne, a gefe ɗaya, gefen da Kawu ke tsayawa in yana noma.

Tela ya leƙo ta taga zai yi magana, da ya ga fuskar Kawu sai ya koma kan kekensa.

"Kunyar ƙarshe fa?" Kawu ya tambaya. "Waccan da ban kai gare ta ba, ranar da bayana ya riƙe."

"Ta yi kore shar, Baba. Har ta fara yaɗo. Ciyawa dai ta yi mata yawa."

Kawu ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Ya zauna a kan bokitin da aka kife, jiƙaƙƙen tsiron yana hannunsa.

"In an yi aikin idon, mutum na dawowa gidansa?"

"Sai abin da likita ya ce," in ji Yaya. Ba ta yi masa alkawari ba.

Ya gyaɗa kai. "Wace rana yake ganin mutane?"

"Laraba."

"To, Laraba. Waccan kunyar kuma kada kowa ya nome ta. Ku bar ta da ciyawarta."