Ƙayar Karfasa a Barnawa

Loma ce kamar kowace loma, sai da ta wuce na ji wani abu siriri ya tsaya a gefen hagu na maƙogwarona. Na haɗiyi yawu, ya soke ni. Na sake haɗiya, ya sake sukata. Ƙawata tana ta ba ni labarin wata kwastoma mai rigima, ni kuwa na ajiye cokali ina kallon bakinta yana motsi, ba na fahimtar komai.

Shagon gyaran gashi ɗaya muke aiki da ita a Barnawa. Ita 'yar kudancin Kaduna ce, tana zaune a Romi wajen yayarta, ni kuma daga Tudun Wada nake hawo keke napep kullum. Ita ta koya mini cin abinci a waje. A gidanmu abincin waje bai wuce masa ko tsiren da Baba kan shigo da shi a takarda ba. Ta kai ni inda ake paten acca da yakuwa da gauta, ta kai ni wajen sakwara da miyar agushi, har muka dire a rumfar wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, a bayan layin shagonmu. Farfesun kifi take yi. Tarwada na iyo a baho, ki nuna wadda kike so a dafa miki. Benci ne kawai da tebur mai shimfiɗar leda da fanka mai ƙara, amma nan ne kaɗai nake zama a kawo mini abu, bayan na wuni tsaye a kan kawunan mutane. Ran nan tarwada ta ƙare kafin mu zo, sai karfasa, kuma kowa ya san karfasa da ƙaya.

Da ƙawata ta ga na riƙe wuya, sai ta ƙwala wa Mama kira. Mama ta zo tana goge hannu a zani, ko a jikinta. Ta sa aka kawo teba, ta mulmula loma da hannunta ta miƙo mini.

"Haɗiye, 'yata, kar ki tauna. Tun ba a haife ki ba nake cire wa mutane ƙaya da teba."

Wani direba a teburin kusa ya ce a garinsu ƙayar kifin ake ɗora wa mutum a ka, sai ta cikin ta sauka. Ƙawata tana dariya ta zaro ɗaya daga kwanona ta cusa mini ƙarƙashin ɗankwali, ta ce yau ta yi mini kitso da kifi. Na haɗiyi loma, na ƙara wata. A ta ƙarshe na ji kamar an yage wani abu a cikin wuyana, hawaye suka zubo, sannan zafin ya lafa. Kowa ya yi mini barka. Mama ta ƙaro mini romo kyauta. Ni dai na ji abin bai tafi ba, ƙasa ya gangara, amma ga mutane duk sun yi murna, sai kunya ta hana ni faɗa.

Washegari koko ma ya ƙi wucewa. Umma ta ba ni zuma da ruwan ɗumi, yayana ya sayo ƙwayoyi a kemis, na kasa haɗiyarsu. Daga nan zazzaɓi ya rufe ni, wuyana ya kumbura, na koma tofar da yawu a gwangwani domin ba na iya haɗiye shi. Da Umma ta ga zaren jini a ciki, mayafinta kawai ta ɗauka muka fita. Duk ramin da keke ya faɗa a hanyar asibiti sai na ji shi a wuyana.

Bayan an ɗauki hoto, likita ya tambaye ni ko na haɗiyi wani abu da nufin tura ƙayar. Na ce teba. Ya yi wa Umma bayani cewa da farko ƙila ƙayar tana sama, inda za a iya zaro ta cikin sauƙi, amma tebar ta danna ta ƙasa har ta huda hanyar abinci, wurin kuma ya fara ruwa. Aka yi mini allurar barci aka ciro ta. Da na farka na ɗauka an gama, sai na ji yana gaya wa Umma a bakin ƙofa cewa hujin ne abin tsoro. In bai rufe ba, ƙazanta za ta iya gangarawa ƙirji, kuma wannan yana kisa. Ba ci, ba sha, sai ƙarin ruwa ta jijiya.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Masu dubiya suna shigowa ɗakin da kuloli, ƙamshin miya ya cika ko'ina, ni ina kwance leɓɓana sun bushe, Umma tana shafa mini jiƙaƙƙen auduga. Duk tarin da na yi sai in ce shi ke nan, ƙazantar ta kai ƙirji. Ƙawata ta zo ranar Lahadi daga coci, da kayan cocinta, ta tsaya a ƙarshen gado tana kuka tana cewa ita ta jawo. Ta zo da fulas na kunun gyaɗa daga Mama, wai Maman ta ce a gaya mini tana sa ni a addu'a. Umma ta karɓa ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin gado inda ba zan gani ba. Ban ji haushin Mama ba, abin da ta sani ta yi. Amma har yau sai na tace koko kafin in sha, kuma ta wani layin nake zagayawa in je shago. In na zauna cin abinci, hannuna yakan kai wuyana ban sani ba.

Ina nan kwance a asibitin, wata rana bayan la'asar likitan ya shigo da sabon hoto. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana dubawa, Umma ta miƙe tsaye da carbi a hannu. Ya sa nas ta kawo ruwa a cokali, ya ce in haɗiye a hankali. Na riƙe ruwan a baki na kasa haɗiyewa. Ya ce ba sauri yake yi ba, zai jira. Da na rufe ido na haɗiye, ruwan ya wuce, sanyinsa kawai na ji.

Ya juya wajen Umma ya ce, "Hajiya, wurin ya rufe. 'Yarki ta tsallake."

Umma ta zauna daɓas a gefen gadon wata mara lafiya, matar ta matsa mata. Ni kuma na tambayi nas ko za ta ƙara mini cokali ɗaya.