Rabona na Zumar Kara

A wani ƙauye cikin Kara akwai dattijon da yake kafa amya a kan ɗorawa da kaɗanya. Sau ɗaya yake ɗibar zuma a shekara, gab da faɗuwar damina, kuma ba ya kai ta kasuwa. Masu sayenta ƙidayayyu ne, sunayensu duk suna kansa. In ya tace ya ɗura, sai ya bugo wa kowa waya ya zo ya ɗauki rabonsa. Kwalba biyu ce rabon mutum, ko da hakimi ne.

Ni gadon gurbina a cikin masu sayen na yi. Mahaifina makiyayi ne kafin ya zauna a Gwarzo ya kama noma, kuma a garkensa dattijon yake ɗibar kashin shanun da yake yaɓe amya da shi. Da mahaifina ya rasu waya ba ta daina zuwa ba, sai dai ni ake kira.

Ajiyar zumar ta fi shanta yi min daɗi. Na samo tsohuwar randa na binne rabinta cikin yashi a ƙuryar ɗaki, inda rana ba ta kaiwa. Kowace kwalba sai na liƙa mata takarda da shekararta. Ɗaya mu sha, ɗaya ta shiga randa. Maiɗakina takan ce ko jaririnmu ban lallaɓa haka ba, kuma ban taɓa musa mata ba.

A shekara ta huɗu tari ya kama surukata, aka ce a haɗa mata zuma da lemon tsami. Na buɗe randa ina ji da kaina, na zaro wadda ta fi daɗewa. Sai na tarar ta daskare, ta yi fari-fari. Na lakata na sa a baki, na ji garas-garas a harshe. Duk wanda ya taɓa sayen zuma a tasha ya san labarin masu dafa sukari, nan take zuciyata ta tafi can.

Ni mutum ne mai saurin hawa. Washegari na ɗauki kwalbar na tafi makarantar da nake koyarwa a Kabo, na dire ta a teburin malamai, na ce su zo su ga aikin dattijon da ake ta yabo. Kowa ya lakata ya girgiza kai. Ranar kasuwa na maimaita a teburin mai shayi, har da ƙari. Magana kuwa zarar bunu ce, kuma a wajen zance Kabo da Kara ba nisa.

Hadari ya fara haɗuwa, waya shiru. Na jira mako biyu, sannan na hau babur da kwalbar a jaka, wai ni ne mai zuwa bin ba'asi.

Na same shi a inuwa yana saƙa sabuwar amya. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta da mutanen Gwarzo ɗaya bayan ɗaya. Da na fito da kwalbar bai jira na yi magana ba. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi a kwano, ya tsoma ta, ya ci gaba da saƙarsa muna zancen iri da taki. Kafin la'asar zumar ta fara narkewa daga gefe, tana komawa ja garau yadda na karɓe ta. Ya shiga ɗaki ya fito da wata gora, ya buɗe min. Tasa ta fi tawa daskarewa.

"Wannan shekararta shida," in ji shi. "Haka zuma take kwanciya in ta daɗe a sanyi, Malam."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Baba, na yi kuskure. Ka yafe min."

"Na yafe, duniya da lahira. Amma shekara hamsin ina wannan sana'a, sai bana aka tare ni a ƙofar masallaci ana tambayata ko sukari nake dafawa. Da nan ka fara kawo ta, da ruwan ɗumi kaɗai za ta ci mu."

Na daure na tambayi rabona na bana. Ya ce ya ba wani bawan Allah da ya daɗe yana jira, kuma ba zai karɓe daga hannunsa ba, bana ko baɗi. Ba faɗa, ba ɗaga murya, har bakin hanya ya rako ni.

Yau damina uku ke nan, a bakin mutane nake jin ko zumar bana ta yi kyau. Baba kuwa an ce ƙafa ta fara hana shi hawa bishiya.