Makon da Ba a Nemi Makulli Ba

A wurin aiki Makulli suke ce wa mijina. Da na fara jin sunan har wani daɗi na ji, na ɗauka girmamawa ce. Sai da muka daɗe tare na gane cewa shi makulli ba ya zuwa ko'ina, kullum yana rataye kusa da ƙofa.

Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Manhajar ce ke tsara wace mota za ta ɗauki wane kwali, ta bi ta ina, ta fara sauke wa wane kanti. Shi ya rubuta ta tun yana saurayi, lokacin motocin kamfanin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kamfani ya yi ta girma, shi kuma ya yi ta ƙari. Aka kawo maganin da sai a cikin sanyi ake ɗaukarsa, ya ƙara sharaɗi. Wani direba ya ce motarsa ba ta shiga lungu, ya ƙara sharaɗi. Duka kuma a wuri guda yake cusa su, har wannan ɓangaren ya kumbura, abokan aikinsa suka sa masa suna Giwa. Ba mai taɓa Giwa sai shi. Wanda duk ya gwada gyara kunnenta, sai a ji wutsiya ta faɗi.

Shi ya sa wayarsa ba ta hutawa. Tana ringi muna cin abinci, tana ringi yana wanka, ni ce mai miƙa masa ita ta saman ƙofa. Wannan duk na haƙura da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar Inna, mahaifiyarsa. Tana zaune a ƙauyensu, inda babu sabis na waya sai mutum ya hau wani tudu a bayan gari. Shekaru ke nan bai kwana a gidanta ba. Mu je da hantsi, ya gaishe ta yana duban agogo, kafin la'asar mun juyo. Ita ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai duk zuwanmu za ka tarar an share ɗakinsa na da, an shimfiɗa sabon zanin gado, mu tafi mu bar shi ko zama ba a yi a kai ba. Ga tsufa ya fara kama ta sosai, tafiya ma sai da sanda.

Ana nan sai kamfani ya ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, mace mai fara'a da saurin magana, wadda ba ta jima ba aka laƙaba mata Almakashi. Ita ta kawo wani ma'auni da ke karanta rubutun manhaja yana ƙirga rassan da ke cikin kowane ɓangare, wato duk inda aka ce idan kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Ɓangaren da rassansa kaɗan ne sai ya fito kore a allo, mai yawa ya fito ja. Aka rataye babban allo a bangon ofis, kusa da tulun ruwan sha, kowa na gani.

Ranar mijina ya dawo gida fuska a murtuke.

"Lafiya, maigida?" na ce.

"Wai Giwa ce ta fi komai ja a kamfanin nan. Har manaja ya tsaya yana ɗaukar hoto."

"To ƙarya ma'aunin ya yi?"

Ya harare ni, ya ce a ba shi abinci.

Mijina mutum ne mai zuciya, ba ya son a ga gazawarsa. Ƙarshen makon nan ko ƙofar gida bai leƙa ba. Ya baje kwamfuta a teburin cin abinci, ya yi ta datsa Giwa gunduwa-gunduwa, yana sa wa kowane yanki suna: kashi na ɗaya, kashi na biyu, haka har ƙasa. Ranar Litinin allo ya koma kore shar. Ya turo mini hoton, ni kuwa na yi ta tsalle a kicin kamar yarinya, har na ciro jakar tafiya daga saman kabad na kakkaɓe ta.

Ba a yi kwana biyu ba waya ta ci gaba da ringi, har ma fiye da da. Dā idan abu ya lalace sun san cikin Giwa yake. Yanzu sai su kira su ce, "Makulli, maganar motar sanyin nan a kashi na nawa take?" Shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani. Na mayar da jakata saman kabad ina ƙunƙuni, kuma na tabbatar ya ji ni.

Almakashi ce ta tare shi. Ya ba ni labarin da yamma, rabi haushi rabi dariya. Ta ce masa, "Yaya, ma'aunin nan rassa kawai ya iya ƙirgawa, bai san ko mutum ya fahimta ba. Ni na kawo shi, amma ga wanda ya fi shi gaskiya a aljihunka." Ta nuna wayarsa. Sannan ta kawo shawarar da ta kusa sa shi shaƙewa da shayi: su sake aikin tare, amma shi ba zai taɓa kwamfuta ba. Zai zauna a gefe, hannu a aljihu, ya yi bayani da baki, wani ya rubuta. In mai rubutun bai gane ba, ba a wuce wurin.

Sai da na je na gani da idona. Na fake da kai masa abincin rana, na tsaya a bakin ƙofa. Ga mijina a kan kujera mai taya, ya zauna a kan tafukan hannunsa don kada su kufce masa. Almakashi na gaban kwamfuta, sauran sun jawo kujeru sun kewaye su.

"Wannan layin me yake yi?" ta tambaya.

"Ai a fili yake. Matsa in nuna miki."

"Hannu, Yaya."

Ya mayar da hannun, kowa ya fashe da dariya. Ya ja numfashi ya ce layin yana hana a ɗora maganin sanyi a motar da za ta yi doguwar tafiya ba firji.

"To haka za mu kira shi," in ji ta. Kafin ta taɓa komai sai da ta rubuta ɗan gwaji, wanda zai yi ƙara idan gyaran ya canza abin da manhajar ta saba yi. Da gwajin ya nuna komai daidai, ta yanke yankin, ta sa masa sunan da ko ni da ke riƙe da kular abinci na gane. Wani daga cikinsu ya buga tebur ya ce shekara da shekaru yana tsoron layin nan, ashe abin da yake yi ke nan.

Daga nan gidanmu ya canza. Mutumin da dā yake dawowa kamar an yi masa duka, yanzu tun daga ƙofa yake fara ba da labari. Yau sun gano sharaɗin da ya rubuta saboda wata gada da aka daɗe da gyarawa, sun goge shi. Gobe sun tarar da abu ɗaya an rubuta shi a wurare daban-daban, sun haɗe shi wuri guda. Ban taɓa ganin mutum yana murnar share aikin hannunsa haka ba. Allon ofis ma ya ɗan koma ja da farko, manaja ya ɗaga gira, Almakashi ta ce a ba su lokaci. A hankali ya sake yin kore, wannan karon kuwa wayar ta fara yin shiru. Wata rana muka ci abinci tun daga bismillah har wanke hannu ba ta yi motsi ba, na kalle shi, ya kalle ni.

Da ya nemi hutun mako guda, manaja ya fara jan ƙafa. Almakashi ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu bar shi ya tafi ba, ba za mu taɓa sanin ko mun gama ba." Aka sa hannu. Ni kuwa tun kafin ya iso gida na gama haɗa kaya, har da tsarabar Inna.

Mun isa da rana tsaka. Inna ta ga muna sauke jaka babba, ta dube ta, ta dube mu, sai ta aika a kama kaza. Daren farko mijina ya kwanta a kan zanin gadon nan da aka daɗe ana shimfiɗa masa. Washegari ya gyara mata ƙyauren ɗaki, ya zauna ta ba shi labarin mutanen da ya manta da su. Amma ina lura da hannunsa, kowane lokaci sai ya shafa aljihu.

A rana ta uku ya kasa daurewa. Ya ce zai ɗan taka, na ce zan raka shi, don na san inda za shi. Muka hau tudun bayan gari muna haki, ya ɗaga waya sama, sabis ya shigo. Muka jira. Babu kiran da aka rasa, babu saƙon neman agaji. Ya kashe ta ya kunna, ya ce ko dai ta lalace ne, in kira shi mu gani. Na kira, ta yi ringi lafiya lau. Ni farin ciki kamar in yi guɗa, amma da na dubi fuskarsa sai na ga abin ya ɗan sosa masa rai. Shekaru yana kukan an dame shi, yau an ƙyale shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Muka sauko. Inna na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, sandarta a gefe, ta san sarai daga inda muke.

"Sun neme ka?" ta ce.

"Ba su neme ni ba, Inna."

Ta matsa gefe, ta daddaɓa tabarmar da tafin hannunta.

"To zo ka zauna. Ni na daɗe ina nemanka."

Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba, ya cire takalmi, ya zauna kusa da ita. Na kai wayar ɗaki na jefa a ƙasan jaka, can ƙarƙashin kayan wanki.