Bunsurun da Na Kai Mabai

Na sa an yi wa wani mutum asiri, bai kai wata uku ba ya mutu. Ban taɓa ganinsa ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, ana ta fasa hanyoyi. Ina gadi a sansanin wani kamfani kusa da 'Yankara. Baturen da ke awon hanya shi ya ɗauke ni aiki, bayan fari ya cinye mana shanu da gero. Yana jin Hausa. Da la'asar yakan zauna a bakin ƙofa ya miƙo mini shayi.

Wata rana ya nuna mini hoton wani ƙaton gidan dutse. Na ce na wane sarki ne? Ya ce na wansa ne, wanda shi ne Baron.

"Mene ne Baron, maigida?"

"Kamar hakimi. Can da, sarki ya ba kakanmu ƙasa da mutanen cikinta, in yaƙi ya tashi ya kawo dawakai da mayaƙa. Yanzu ba dawakai. Saura gida da suna. Amma har yau da sunan ake gaishe shi."

"Ina naka rabon?"

Ya yi dariya. "Ba a rabawa. Babban ɗa ke kwashe duka. Shi ya sa ka gan ni nan ina shan rana."

"In ya mutu fa?"

"'Ya'yansa duk mata ne. Sai ni."

Ya ci gaba da shan shayinsa. Ni kuwa na ɗauka aike ne. A wajenmu ɗan sarki ba ya faɗa wa baransa irin wannan a banza, kuma baran kirki ba ya jira a fito masa fili.

Ranar kasuwa na sayi baƙin bunsuru na kai wa wani tsohon boka a bayan garin Mabai. Ya tambayi sunan mutumin da na uwarsa. Na ce, "Baba, Baron kawai na sani, kuma akwai teku tsakani."

Ya ce, "Iska ba ta neman kwalekwale." Ya yanka bunsurun, ya binne kan.

Da kaka takarda ta zo. Zuciyar wan maigida ce ta tsaya. Na tarar da maigida zaune a ƙasa, cikin turɓaya. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani."

Ya dube ni. Ya ce, "Da uwarmu ta rasu, shi ya rene ni. Me zan yi da gidan in ba shi?"

Bayan kwana uku ya tafi. Ya bar mini bargonsa, ya riƙe hannuna ya ce a duk sansanin ni kaɗai ya yarda da shi. Na karɓi bargon na yi godiya.

Malamai biyu na tambaya daga baya. Na farko ya ce ajali ne, in tuba in manta. Na biyu ya ce tuba ba ta cika sai masu jini sun yafe. Ina zan gan su? Ko sunan ƙasarsu ban riƙe ba.

Yanzu ina garin Sabuwa, ina sayar da itace a bakin titi. In an yi rasuwa ina zuwa jana'iza, in tsaya a sahun baya.